Yadda Ake Ɗauke Ginin Tarihi Zuwa Sabon Wuri, Da Yadda Ake Yi Masa Ƙari Ba Tare Da An Ɓata Shi Ba

Wani lokaci tsohon gini kan tsinci kansa a gaban sabon titi, ko a kwarin da ruwan dam zai cika, ko a gaɓar da teku ke ci kowace shekara. Zaɓin da ake gabatarwa galibi biyu ne: a rushe, ko a bar shi ya lalace. Akwai na uku, wato a ɗaga shi ɗungurungum a kai shi wani wuri. An yi haka a Amurka a 1999 da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cape Hatteras, ginin jan bulo mai tsayin kusan mita 60 da nauyin da ya haura ton 4,000, aka matsar da ita kusan mita 880 cikin kwana 23. An yi a Turkiyya a 2017 da kushewar Zainal Bey ta garin Hasankeyf, mai nauyin kusan ton 1,100, aka ja ta kusan kilomita biyu kafin ruwan dam ɗin Ilisu ya iso. Aikin mai yiwuwa ne, amma duk kuskuren da aka yi a cikinsa ba ya gyaruwa, domin ginin ɗaya ne tak.

Tambayar farko: shin dole ne?

Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda masu kula da kayan tarihi a duniya suke komawa gare ta, ta faɗa a sashe na 7 cewa ba a raba gini da tarihinsa da kuma wurin da yake, kuma ba a yarda a matsar da shi ba sai in tsirar da shi ta tilasta haka, ko wata babbar maslaha ta ƙasa ko ta duniya. Dalilin a fili yake. Rabin darajar gini tana cikin inda ya tsaya: hanyar da ƙofarsa ke kallo, maƙwabtansa, rijiyar da ke gefensa, da abin da ke binne a ƙarƙashinsa. A Amurka ginin da aka matsar kan iya faɗuwa daga rajistar wuraren tarihi ta ƙasa in ba a nemi amincewa tun kafin a taɓa shi ba.

Saboda haka, kafin a kira masu ɗaga gini, a zauna da masu aikin titin ko dam ɗin a gwada karkatar da aikin, ko rage faɗinsa, ko gina katangar kariya. A rubuta kowace hanya da aka gwada da dalilin da ya sa ta gaza. Hukumar da za ta ba da izini wannan takardar za ta fara nema. A biranen Amurka masu unguwannin tarihi, tun daga Charleston da ta fara kafa irin wannan doka a 1931, akwai kwamitin unguwa da ke ba da takardar dacewa kafin a matsar da gini, ko a shigo da wani, ko a yi masa ƙari. A Najeriya, duk ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, sannan ga hukumar tsara birane ta jiha, ga kuma masarauta in a cikin tsohon birni ne.

Awo da hoto kafin guduma

Ba a cire ko ƙusa ɗaya sai an gama rubuta ginin yadda yake. Ana buƙatar zanen shimfiɗar kowane hawa da na fuskoki huɗu a ma'aunin 1:50 (santimita ɗaya a takarda ta tsaya a madadin 50 a gini), da zanen ƙofofi, tagogi, matakala da ado a 1:20 ko 1:10. A ɗauki hoton kowane bango ciki da waje tare da sandar awo a jikinsa. In akwai hali a yi awo da na'urar leza, wadda ke kama karkatar bango da ido ba ya gani.

Abu biyu ne ake yawan mantawa. Na ɗaya, taswirar tsaga: kowace tsaga a ba ta lamba, a auna faɗinta da milimita, a manna mata ma'aunin motsi, a karanta shi na wasu makonni kafin aiki. In ba a yi haka ba, ranar da aka ga tsaga bayan tafiya ba wanda zai iya cewa tsohuwa ce ko sabuwa, kuma nan rigima da ɗan kwangila da kamfanin inshora ke farawa. Na biyu, tsayin daɓen ginin daga ƙasa da kuma fuskar da yake kallo. Safiyo ya auna su ya kafa alamar da ba ta motsi, domin a sabon wuri da su za a yi aiki.

Wane gini ne ke jure tafiya?

Hanyoyi uku ne. A ɗauki ginin gaba ɗaya. A yanka shi gida biyu ko uku. Ko a warware shi ɗaya bayan ɗaya a sake haɗawa. Ta farko ta fi kowace kiyaye asali, domin filasta da fenti da kwaɓin da ke tsakanin bulo duk suna tafiya tare. Ta uku ita ce mafi ɓarna, sai dai ta dace da ginin katako, da na ƙarfe mai noti, da na manyan duwatsu. Gadar ƙafa ta Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka kuma mayar da ita Kaduna daga baya, ta iya yin wannan tafiya ne saboda irin ginin da ake kwancewa a ɗaure ne. A Abu Simbel ta ƙasar Masar, tsakanin 1964 da 1968, an yanka haikalan da aka sassaƙa a jikin dutse zuwa gunduwa fiye da dubu, wasu har ton 30, aka haɗa su a wurin da ya fi na da tsayi da mita 65. Amma a wannan aikin na ceto haikalan yankin Nubiya, da aka zo kan haikalin Amada mai zane a jikin filasta wanda zarto zai lalata, sai aka ɗaure wani sashensa aka tura shi a kan titin jirgi fiye da kilomita biyu ba tare da an yanka ba. Kayan da aka yi ginin da su ne ke zaɓar hanya.

Ginin katako yana lanƙwasa ya dawo, don haka shi ne mafi sauƙi. Ginin jan bulo ko dutse yana da ƙarfin ɗaukar nauyi daga sama amma ba ya jure ja ko murɗa. Kusurwa ɗaya ta sauka da 'yan milimita fiye da sauran, bango ya tsage daga kan taga zuwa rufi.

Ginin ƙasa irin na ƙasar Hausa, na tubali da azara, shawara a kansa ita ce kada a yi yunƙurin ɗaga shi. Bangon yana da kauri a gindi yana sirancewa a sama, nauyinsa mai yawa ne, ƙarfinsa na ja kusan babu, kuma gindin nasa a haɗe yake da ƙasar da ya tsaya a kai. Bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, suna tura bango waje, girgiza kaɗan za ta sa su buɗe. Abin da ake iya cirewa shi ne ƙyaure, azara mai lafiya, da ƙarafan ƙofa. Shi ya sa gine-ginen da ke gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, irin su masallacin Juma'a na Zariya da ganuwar Kano, kwaikwayo ne da magina suka gina daga awo. Suna da amfani ƙwarai wajen karatu, amma ba za su zama hujjar rushe na asali ba.

Lissafin nauyi

Kowane bim, wato dogon ƙarfen da ke ɗaukar nauyin gini, da kowane jak daga wannan lissafi yake fitowa. Kubik mita ɗaya, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, ta jan bulo tana da nauyin kusan ton 1.8 zuwa 2, ta kankare ton 2.4, ta katako rabin ton zuwa 0.7. A ɗauki misalin bene mai tsawon mita 10 da faɗin 8, tsayin bango 6.5, kaurinsa santimita 35. Kewayensa mita 36 ne. A ninka da 6.5 da 0.35, a sami kusan 82. A cire kashi 15 cikin ɗari na ƙofofi da tagogi, saura kusan 70. A ninka da 1.9, bangon waje kaɗai ya kai ton 133. Da bangon ciki, daɓen sama, matakala da rufi, ana iya kaiwa ton 200. A ƙara kashi 25 cikin ɗari saboda abin da ba a gani ba da nauyin ƙarafan da za a sa, a yi aiki da ton 250.

Kaurin bango ba a yarda da zane a kansa, a huda a auna. Tsofaffin magina kan cika tsakiyar bango da ɓaraguzai, wani wuri kuma su bar rami. Sannan a gano inda nauyin ya fi taruwa. Ɗakin da ke da matakalar dutse ko bututun hayaƙi ya fi sauran nauyi, kuma tsakiyar nauyin ginin ba lallai ta zama tsakiyar ɗakunansa ba.

Sabon fili da hanyar zuwa

Filin da ya fi dacewa shi ne mafi kusa, a cikin unguwa ɗaya, mai irin shimfiɗar tsohon. Gidan da aka gina a kan kwana ya koma kan kwana. Tazararsa da titi ta yi daidai da ta maƙwabta, tsayin daɓensa daga ƙasa ya zama kamar na da. Ɗaga gida mita guda a kan sabon harsashi yana canza kamanninsa gaba ɗaya, matakala uku su zama takwas ko tara.

Fuska kuma ba a wasa da ita. A birnin Most na tsohuwar Cekosulobakiya, a 1975, an tura wani coci mai nauyin kusan ton 12,000 tsawon mita 841 don a haƙi kwal a wurinsa. Aikin ya yi nasara ta fuskar injiniya, amma titin da aka shimfiɗa mai lanƙwasa ne, sai cocin ya sauka ba ya kallon gabas kamar yadda aka gina shi. A Abu Simbel kuwa an kiyaye fuskar, har yau rana tana shiga can ƙuryar haikalin sau biyu a shekara, a Fabrairu da Oktoba. In masallaci ne, alƙibla ce ke yanke hukunci tun kafin a zaɓi fili.

A gwada ƙasar sabon filin da rami ko na'urar haƙa, a kuma bari masu binciken kayan tarihi su duba shi da tsohon filin kafin katafila ta shiga.

Hanya a bi ta da ƙafa, da tef a hannu. A auna faɗin titi a wurin da ya fi matsewa, tsayin wayoyin lantarki da na sadarwa, rassan bishiyoyi, gangara, da kowace kwana. A tambayi nauyin da kowane kwalbati da gada ke ɗauka, a gano inda bututun ruwa da tsofaffin masai suke a ƙarƙashin ƙasa. Sau da yawa kuɗin sauke wayoyi da mayar da su shi ne ke kashe aikin, don haka a nemi farashin kamfanin wuta a rubuce tun farko.

Ɗaure ginin da ɗaga shi

A yanke wuta, ruwa da gas. A kwashe kaya, a cire abin da ke rataye. Baranda, matakalar waje da saman bututun hayaƙi a cire su, kowane yanki a sa masa lamba a gefen da ba a gani, lambar ta dace da zane. Ƙofofi da tagogi a tokare su da katako a gicciye, ko a cike su da bulo na wucin gadi, domin kusurwoyinsu ne tsaga ke fara bi. Ginin bulo a ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe ko igiyar waya a matakin kowane hawa, a sa katako a kusurwa don kada wayar ta ci bulo. Duk inda gara ta ci katakon gindi, ko kwaɓi ya zama gari, a gyara kafin ɗagawa.

Daga nan sai a haƙe kewayen harsashi a huda shi. Ƙarafan da za a zura a ƙarƙashin ginin suna hawa uku. A can ƙasa akwai manyan bim biyu ko fiye masu bin tsawon ginin. A kansu akwai bim masu gicciye, masu bin faɗi. A inda ake buƙata, musamman a ginin bulo, akwai gajerun bim da ake zura su ta cikin bango kamar allura, tazarar kusan mita ɗaya zuwa 1.2, gwargwadon lissafin injiniya da ƙarfin kwaɓin. Ba a huda ramuka biyu na kusa da juna a lokaci guda. A huda ɗaya, a sa ƙarfe, a cike tsakaninsa da bango da kwaɓi mai ƙarfi ko weji na katako mai tauri, sannan a tsallaka. In aka bar ɗan gibi tsakanin ƙarfe da bulo, nauyin zai taru a kan wuri ɗaya ya farfasa shi.

Ƙarƙashin manyan bim ana jera katako mai kaurin santimita 15 da tsawon kusan mita 1.2, biyu-biyu ko uku-uku a gicciye, su zama turaku. Jak yana zama a cikin turken. A misalin ton 250, in ana da jak mai ɗaukar ton 20, kada a ɗora masa fiye da 12 zuwa 13, wato ana buƙatar guda 20. Kowane turke mai faɗin 1.2 sau 1.2 zai danna ƙasa da kusan ton 9 a kan kowace murabba'in mita. Ƙasa mai tauri za ta ɗauka, ƙasar cike ko wadda ruwan sama ya jiƙa ba za ta ɗauka ba, sai an faɗaɗa gindin da faranti na ƙarfe. Nutsewar turke ɗaya na cikin manyan abubuwan da ke karya gini, shi ya sa ba a son wannan mataki da damina.

Dukkan jak ɗin ana haɗa su da inji ɗaya mai tura mai daidai wa daida, ta yadda mai ɗauke da ton 5 da mai ɗauke da ton 13 za su tashi da tsayi ɗaya a lokaci ɗaya. Ɗaga gini da jak ɗin hannu, kowane lebura da nasa, shi ne hanyar da aka bi a da, kuma ita ce ke murɗa bango.

Ɗagawar farko milimita kaɗan ce, 3 zuwa 5, a tsaya. A karanta ma'aunin man kowane jak, wanda zai nuna ainihin nauyin ginin, a gwada da lissafi. A zagaya a duba tsaga, a tabbata ba wani bututu ko rodi da ya rage yana riƙe da ginin. In komai lafiya, a ci gaba. Jak yana tashi kusan santimita 30 ne ya ƙare, sai a cika katako a ƙarƙashin bim, a sauke nauyin a kai, a ɗaga jak ɗin a sake. Katakon yana bin bim a kowane lokaci, kada gibin ya wuce kaurin katako ɗaya, domin in tiyo ya fashe ginin ya sami abin da zai faɗa a kai nan take. Ba mai shiga ƙarƙashi yayin da nauyi ke kan mai.

Tafiya

In tazarar gajera ce kuma a miƙe, ana shimfiɗa bim a matsayin titi, a sa ƙarafa masu mirginawa, a riƙa turawa da jak na kwance. A Cape Hatteras ana turawa mita ɗaya da rabi ne a tsaya, a kwaso ƙarafan baya a kai gaba. In tazarar mai nisa ce, ana sa kekunan tayoyi masu jak a jikinsu, ko tirela mai tayoyi da yawa mai tuƙa kanta, irin wadda ta ɗauki kushewar Hasankeyf.

Ko wacce aka zaɓa, ana raba jak ɗin rukuni uku, kowane rukuni mansa a haɗe. Dalilin shi ne na murhu: duwatsu uku ba sa girgiɗi ko ƙasa ba ta daidaita ba, na huɗu ne ke kawo rawa. In taya ɗaya ta faɗa rami, sauran 'yan rukuninta za su raba nauyin, shimfiɗar da ginin ke kai ba za ta murɗe ba. Jak ɗari na Cape Hatteras haka aka raba su.

Gudun bai wuce tafiyar ƙafa ba, a kwana ma ya fi haka sanyi. Mutum ɗaya ne ke ba da umarnin tafiya, amma kowa na da ikon cewa a tsaya. A gangara a ɗaure ginin da abin riƙewa ta baya. A sa lebul ko na'urar auna karkata a kusurwoyi, a kuma amince tun farko a kan adadin da in an kai shi za a dakata.

Saukewa

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gama sabon harsashi har sama bisa awon zane, sannan a kawo ginin. Tsohon gini ba ya da kusurwa madaidaiciya, gindinsa ma ba a miƙe yake ba. Abin da ya dace shi ne a zuba kankaren ƙasa kawai, da ɗan faɗi fiye da buƙata, a bar shi ya kwana 28, a kawo ginin a tsayar a samansa, a saki igiya mai dalma daga bangon zuwa ƙasa, sannan a gina harsashin ya taso ya tarar da shi. A bar ramuka inda bim suke. A sa shimfiɗar hana danshi. A sauke nauyin a hankali, a zare ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, a toshe ramukan. Sashen harsashin da ke bayyane a yi shi da dutse ko bulon tsohon harsashi in an iya ceto su.

Duk gyaran da za a yi wa tsohon bulo a yi shi da irin kwaɓinsa. In na farar ƙasa ne, awo ɗaya na farar ƙasa da uku na yashi shi ne mafari, a gwada a ɗan wuri a ga launi. Siminti ya fi tsohon bulo tauri kuma yana tare danshi, sai bulon ya riƙa ɓarewa kwaɓin na nan tsaye.

Ƙari: inda gine-gine da yawa ke mutuwa a tsaye

Gini da aka ceto dole a yi amfani da shi, amfani kuma yana buƙatar banɗaki, kicin, ofis, matakalar tsira, da hanyar keken guragu. Gara a zuba waɗannan a sabon sashe da a farfasa tsofaffin ɗakuna. Ƙa'idojin gyaran gine-ginen tarihi na Ma'aikatar Cikin Gida ta Amurka sun taƙaita sharaɗin a lamba ta 9 da ta 10: ƙarin kada ya lalata kayan asali, a iya bambanta shi da tsohon, ya dace da shi a girma da tsayi da siffa, kuma in wata rana aka cire shi tsohon ginin ya rage lafiya. Sashe na 13 na Yarjejeniyar Venis ma a kan wannan layi yake.

Kafin a zana komai, a auna unguwar. A ɗauki gidaje goma na kusa a rubuta tsayin kowanne, tazararsa da titi, gangarar rufinsa, faɗi da tsawon tagoginsa, da yawan bango idan aka gwada da yawan taga. Waɗannan alƙaluma su ne harshen unguwar, ƙarin da su zai yi magana.

Wurinsa baya ne, ko gefen da ba a gani sosai daga titi. Fuskar gaba ba a taɓa ta. Rufinsa ya zama ƙasa da na tsohon, faɗinsa kuma ya shige ciki da aƙalla santimita 30 zuwa 60 daga kowace kusurwa, don kusurwar asali ta ci gaba da bayyana. In ƙarin babba ne, a raba shi gida biyu ƙanana, ko a janye shi nesa a haɗa su da siririn lungu mai ƙaramin rufi wanda ke shiga ƙarƙashin bakin tsohon rufin. Ƙofar shiga lungun a same ta daga taga ko ƙofar da take akwai: a sauke gindin taga zuwa ƙasa, a ajiye bulon da aka cire da firam ɗin a cikin ginin da lamba. Gwaji mai sauƙi shi ne a kafa sanduna masu tsayin ƙarin a filin, a je tsallaken titi da bakin kwana a duba. In sandunan ne ido ke fara kamawa, zanen ya yi girma.

Wahalar tana tsakanin bambanci da dacewa. Wanda ya kwafi kowane ado har ba a gane inda tsoho ya ƙare ya yi wa tarihi ƙarya. Wanda ya manna akwatin gilashi mai sheƙi da ya ninka gidan ya danne shi. Hanyar da ta fi aiki ita ce a ɗauki ma'auni a bar ado: tagogi masu irin tsawo da faɗin na da, a kan layi ɗaya, amma firam ɗinsu sassauƙa; bulo mai kusancin launi da girma, amma ba a yi masa dabarar tsufa ba; a kuma rubuta shekarar ginin a wani dutse. Ɗora sabon hawa a kan rufin gida mai hawa ɗaya ko biyu kusan kullum yana ɓata shi, kuma yana ɗora wa bango nauyin da ba a gina shi dominsa ba.

Ta fuskar injiniya, ƙarin ya tsaya da ƙafarsa. Harsashinsa daban, kuma kada a haƙa ƙasa da gindin tsohon a kusa da shi. A zana layi mai kusurwar digiri 45 daga gindin tsohon harsashi zuwa ƙasa, a kauce wa abin da ke cikinsa, in ba haka ba sai an tallafe shi sashe-sashe. Sabon gini zai ɗan nutse a shekarunsa na farko. In an sarƙa bulonsa da na tsohon, zai ja shi ya tsaga. A bar gibin santimita 2 zuwa 2.5 a tsakani, a cike da abu mai laushi mai hana ruwa. Kwanon da ke rufe mahaɗar a cusa shi cikin layin kwaɓi, kada a yanka bulo. Ruwan sabon rufi kada ya zuba a jikin tsohon bango.

Ƙari a gidan ƙasa

A tsohon birnin Kano, Zariya, Katsina, Birnin Damagaram, ko Agadas wadda UNESCO ta sa tsakiyarta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, wannan rabin aikin, wato ƙari, shi ne ya fi shafar mutane. Tsarin gidan da kansa ya tanadi wurin ƙari: zaure da katangar waje su ne fuskar unguwa, sabbin ɗakuna kuma a cikin gida ake yin su. Ƙarin kada ya zarce zaure ko soron maigida tsayi, kada ya rufe zankwaye, kada tagarsa ta leƙa tsakar gidan maƙwabci.

Ɓarnar da aka fi gani daga ruwa take. Ɗakin bulo da aka jingina da bangon ƙasa yana hana shi shan iska, kwanonsa kuma yana zuba ruwa a gindinsa. A bar tazarar da mutum zai iya shiga ya yi yaɓe, kusan santimita 80 zuwa mita ɗaya, a yi mata gangara zuwa kwata. In dole sai sun haɗu, a haɗa su a faɗin ƙofa ɗaya kawai. Kada a ɗora bim ɗin kankare ko dekin a kan bangon tubali. Kada a shafe shi da siminti: danshi zai taru a baya, ƙasar ta narke a ɓoye, wata rana filastar ta faɗo da rabin bangon. Yaɓen ƙasa da makuba, da laso a rufi, su ne abin da bangon ya saba da shi. Azara ba ta ƙetare fiye da kusan mita 1.8 ba tare da tallafi ba, don haka faɗaɗa tsohon ɗaki ta hanyar cire bangon tsakiya haɗari ne. A nemi Sarkin Magina ko ɗaya daga cikin gwanayensa ya duba kafin a taɓa. Indararo su yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindi, kuma in an ɗaga daɓen tsakar gida saboda sabon ɗaki, a tabbata bai fi gindin tsohon bango tsayi ba.

Shekarar farko bayan aiki

Ma'aunan tsaga su zauna a wurinsu. A karanta su kowane mako a wata uku na farko, sannan kowane wata har a ga rani da damina guda. Safiyo ya sake auna kusurwoyi huɗu a wata na ɗaya, na shida da na goma sha biyu. Tsagar da ke buɗewa ta rufe bisa sauyin zafi da sanyi ba abin tsoro ba ce. Wadda ke ƙaruwa ba ta komawa, ko ƙofar da ta fara cijewa, alamar harsashi na sauka ne, a kira injiniya nan da nan. Fenti da filastar ƙarshe a jinkirta su zuwa bayan wannan shekarar. Kwafin zane, hotuna, lissafin nauyi da taswirar tsohon fili a ajiye ɗaya a cikin ginin, ɗaya a hukumar da ta ba da izini, a kuma kafa allo a tsohon wurin da sabon mai ɗauke da shekarar da aka matsar da shi da tazarar da ya yi.